Rayfield 1913: Filin Golf Ɗin Da Ya Girmi Najeriya

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda suka fi son karantawa a natse.

Yau Jos za mu je, unguwar Rayfield da ke Jos ta Kudu a jihar Filato. Akwai wani makeken fili a can, ga ciyawa ga itatuwa, inda ake buga wasan golf, wanda wasu kafafen labarai ke kira ƙwallon lambu. Sunan kulob ɗin tafe yake da shekararsa: Rayfield Golf Club 1913. Ku riƙe wannan lamba. A 1914 ne Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu suka zama ƙasa ɗaya, wato filin nan ya girmi Najeriya da shekara guda, kuma mambobinsa na alfahari da cewa shi ne mafi daɗewa a ƙasar.

Na san wani zai ce, ana fama da tsadar shinkafa da kuɗin makaranta, me ya haɗa mu da wasan masu hannu da shuni? Ƙasa ce ta haɗa mu. Filin golf mai rami 18 yakan ci hekta 50 zuwa 70, in ka yanka shi filayen ƙwallon ƙafa za ka samu fiye da 70. Duk garin da ya ware irin wannan fili sama da shekara ɗari, dole a tambaya: ƙasar wa ce, da kuɗin me aka gyara ta, wa ke shiga, wa ake tsayarwa a bakin ƙofa?

Bari mu fara da wasan kansa, don kada a bar kowa a baya. Mutum ne da sandunansa, ba a yarda su wuce 14 a jaka ba, da 'yar ƙaramar farar ƙwallo. Zai buga ta daga wuri mai nisa har ya jefa ta cikin wani ɗan rami da faɗinsa bai fi na kofin shayi ba sosai. Haka zai bi ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Daga Sikotlan wasan ya fito. A 1457 har sarkinsu ya hana shi, wai yana ɗauke wa samari hankali daga koyon harbin kibiya. A garin St Andrews aka tsayar da ramuka 18 a shekarar 1764, sauran duniya ta bi. Filayen farko a bakin teku suke, kan yashi, iska na kaɗawa, ba itace ko ɗaya. Daga baya aka fara yin wani iri a cikin ƙasa nesa da teku, mai ciyawa da layukan itatuwa kamar lambun sarki. Irin wannan filin lambu ne aka fi samu a garuruwanmu. Kuma duk inda Turawan Birtaniya suka kafa mulki sai wasan ya bi su. A Kalkata ta Indiya sun buɗe kulob tun 1829. A nan gida kuwa, bayan Rayfield, na Kaduna ya zo a 1921, Ikoyi Club ta Legas ta ɗauki sunanta na yanzu a 1938.

To me ya kai Bature saman tsaunin Filato tun kafin a haifi Najeriya? Kuza.

Ba Bature ne ya gano kuza a Arewa ba. Tun kafin zuwansa akwai maƙera a Liruwen Kano da Liruwen Dalma da ke narka ta su fitar da dalma siri-siri kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni masu nisa. Wannan dalma ce 'yan kamfanin Neja suka gani a hannun 'yan kasuwa, suka ce sai sun ga inda take fitowa. Wajen 1902 zuwa 1903 suka turo masu bincike, cikinsu har da wani Kanar Laws wanda ya kafa sansani a Naraguta. Mutanen tsaunin, Berom da Afizere da Anaguta da maƙwabtansu, ba su miƙa ƙasarsu da daɗin rai ba, sai da aka yi ta turo sojoji da bindiga. Daga wajen 1909 kamfanoni suka yi ta kwarara daga Landan, kowa na yankan nasa yankin da takardar gwamnati. Sunan Rayfield ɗin ma yana cikin sunayen waɗannan kamfanonin kuza na farko-farko.

Akwai wani ciniki da ya kamata ku sani. Lokacin da gwamnatin Birtaniya ta karɓe mulki daga hannun kamfanin Neja a 1900, ta yi masa alƙawarin rabin harajin ma'adinan da za a haƙa a wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Manomin da aka tone gonarsa ba ya cikin wannan lissafi. Dokar Turawa ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, shi sai dai ɗan abin da aka ba shi na amfanin gonar da aka ɓata.

Aikin kuwa da hannu ake yinsa, da diga da shebur da kwanon sarki. Leburori suka taho daga Kano, Zazzau, Bauchi, Barno, Sakkwato, har da ƙasar da ke hannun Faransa, da yawansu don su samu kuɗin biyan haraji. Akawuna da masu sana'ar hannu suka zo daga Kudu. Sunayen garuruwan ma sun isa shaida: Barikin Ladi, Gindin Akwati, Sabon Gidan Kanar, Bisichi. Da farko a ka ake ɗaukar kuzar, ko a bayan jakuna, tafiyar kwanaki har zuwa Loko a bakin Binuwai. Sai a 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukur. Ku lura da jerin: an buɗe kulob ɗin golf kafin dogo ya iso. Manajan kamfani ya samu wurin shaƙatawa a lokacin da ɗan dako ke taka sayyada da buhun kuza a kansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jos ta yi wa Turawa daɗi. Tudu ne mai tsayin kusan mita 1,200, ga sanyi, ga iska, har daga wasu larduna suke zuwa hutu. Amma sanyi kaɗai bai isa ba, Bature na son wurin da zai cire hula ya zauna da 'yan uwansa, shi ne kulob. A nan ake jin labarin farashin kuza a Landan, a nan ake sanin wa za a ƙara wa girma, a nan injiniyan kamfani ke zama da jami'in gwamnati a kashe magana kafin ta isa ofis. Shiga ba da kuɗi kawai ba ne. Al'adar irin waɗannan kulob ita ce wani mamba ya gabatar da kai, wani ya mara masa baya, kwamiti ya zauna a kanka, sannan ka biya kuɗin shiga da na shekara. Baƙar fata kuwa yana ciki, amma a matsayin kuku, boyi, mai yankan ciyawa, ko yaron da ke saɓa jakar sanduna.

Wariyar ma a rubuce take. Bayan da aka gano a 1897 cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka suka ba da shawarar a raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Dokar garuruwa ta 1917 da ƙa'idojin Lugga suka tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin ɓangarorin biyu, ba gini a cikinsa, wai sauro ba zai iya ƙetare shi ba. Fili ba ya zama haka kawai, don haka a garuruwa da dama irin wannan sarari ne aka mayar filin sukuwa, filin folo ko filin golf. Rayfield unguwar kamfanoni ce a wajen garin Jos, amma tunanin ɗaya ne: shimfiɗaɗɗiyar ciyawa mai daɗin kallo, wadda aikinta shi ne ta nisanta mai gida daga lebura.

Inda labarin ya fi ɗaci shi ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Birtaniya ke samun mafi yawan kuzarta. Sai idanu suka juyo kan Filato. Gwamnati ta kafa dokar aikin dole, aka raba wa larduna adadin mutanen da za su kawo, sarakuna suka sauke wa hakimai, hakimai suka sauke wa dagatai. Talakawa suka raɗa wa abin suna diban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi manoma sama da dubu ɗari, aka kai su ramukan kuza. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ko Katsina, ga shi cikin ruwa da laka a sanyin Jos, ba bargon kirki, ba isasshen abinci. Da yawa sun mutu da ciwon haƙarƙari da gudawa, da yawa sun tsere cikin dare. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Masanin tarihi Bill Freund ya rubuta littafi guda a 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan nan, duk mai son zurfafawa ya neme shi. In kana da kaka ko kakan kaka da aka ce ya tafi Jos bai dawo ba, mai yiwuwa wannan ne labarinsa.

Bayan yaƙi kiɗa ya fara canzawa. A 1947 wani otal a Legas mai suna Bristol ya hana wani babban jami'in ofishin mulkin mallaka, Ivor Cummings, ɗaki saboda launin fatarsa. Legas ta ɗauki zafi, jaridu suka yi caa, dole Gwamna Arthur Richards ya sanar da kawo ƙarshen wariya a wuraren jama'a. Unguwannin Turawa suka koma abin da muke kira GRA. Kulob-kulob kuwa, da yake na mambobi ne, a hankali suka riƙa buɗe ƙofa, kuma ga wa? Ga sabbin manya: manyan ma'aikatan gwamnati, hafsoshin soja, manajojin banki, 'yan kwangila. Bayan 1960 aka wayi gari kyaftin ɗin kulob ɗan ƙasa ne, kwamiti 'yan ƙasa ne, amma tsarin mai gabatarwa da mai mara baya da kuɗin shiga yana nan daram. Da launin fata ake tantancewa a da, yanzu da aljihu da wanda ka sani. Ba mamaki da aka gina babban filin golf na Abuja a 1991 aka sa masa sunan shugaban ƙasa na soja na lokacin, IBB.

Bari mu yi adalci, akwai abin sha'awa a rayuwar kulob ɗin golf. Wasa ne da mutum ke ƙirga wa kansa bugu, ba alƙali a bayansa, in ya yi kuskure shi zai kai ƙarar kansa. Akwai tsarin da suke kira handikaf, wato rangwamen bugu da ake yi wa wanda bai ƙware ba, har dattijo ɗan shekara 70 ya iya karawa da saurayi a yi canjaras. In wani zai buga, kowa sai ya yi tsit. Ana zaɓen kyaftin, mata ma na da tasu kyaftin, ana gasar wata-wata, ana ta shekara da kamfani ko gwamnati ke ɗaukar nauyi. In an gama ramuka 18 sai a zarce ɗakin shaƙatawa, wanda a cikin raha suke kira rami na 19. Amma ku lissafa: zagaye ɗaya yakan ɗauki kusan awa huɗu, mutum huɗu na tafe a ƙafa kilomita shida ko fiye, ba sakatare, ba mai gadi, ba takardar neman ganin oga. Wanda ya samu awa huɗu da kwamishina ko manajan banki, ya fi wanda ya yi wata uku yana zarya a bakin ofis. Shi ya sa kuɗin mamba ba ya yi wa masu biya tsada, sun san abin da suke saye.

Akwai kuma wata dabara ta ƙasashe masu zafi. A Turai, wurin da ramin yake ciyawa ce mai laushi kamar darduma, suna ce mata girin. A nan, ruwan da za a shayar da ita da rani ya yi tsada, sai aka koma amfani da yashi da aka cakuɗa da baƙin man inji, ana kiransa burawun. Kafin mutum ya buga, sai an ja wani abu an share masa hanya ta yi sumul. Shekaru da dama haka filayen Arewa suka rayu. Mayar da burawun zuwa girin abin alfahari ne ga kowane kulob, amma yana nufin rijiyoyin burtsatse da bututu da famfo suna aiki tun daga Nuwamba har Maris. A garin da unguwanni da yawa suka dogara da 'yan ga-ruwa, tambayar inda ruwan ke fitowa halastacciya ce.

Yanzu mu zo kan mutumin da ya fi kowa sanin filin, wato kadi, mai ɗaukar jaka. Yawanci yaro ne ko saurayi daga unguwannin kewaye. Shi ya san inda ƙasa ta karkata, shi ya san sandar da ta dace da iskar hunturu, shi ke shiga ciyawa neman ƙwallon da oga ya ɓatar. Yana kallo yana koyo, in ya samu tsohuwar sanda sai ya gwada a bayan fage. Mafi yawan ƙwararrun 'yan golf na Najeriya ta wannan hanya suka fito. A duniya ma haka: Seve Ballesteros na Sifaniya kadi ne tun yana yaro. A Afirka ta Kudu akwai Papwa Sewgolum, ɗan asalin Indiya, kadi a Durban, wanda ya ci babbar gasar Holan a 1959 da 1960 da 1964, ya ci gasar Natal a 1963, ya sake ci a 1965 inda ya doke Gary Player. A kulob ɗin Durban, a waje aka miƙa masa kofi ana ruwan sama, domin dokar wariya ta hana shi shiga ɗakin mambobi. Hoton ya zagaya duniya. Mu a nan ba mu da irin wannan doka, amma ku tambayi kanku: kadi nawa ne ke da albashi tsayayye, ko mai biya masa kuɗin asibiti, ko mai kai shi gasa a waje? Ƙasar da Sandy Lyle ya ci gasarta ta Nigerian Open a Ikoyi a 1978, Vijay Singh ya ci a 1988 da 1989 kafin duniya ta san su sosai, ta bar yaranta masu baiwa suna jiran ɗan abin da oga zai miƙo bayan wasa.

Kuzar da ta haifi Rayfield kuwa ta mutu ta bar filin. Man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, kuzar da ke kusa da sama ta ƙare, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa Turawa suka fara tattara komatsansu. A watan Oktoba na 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe. Manyan kamfanoni irin su ATMN, da ke da ofisoshi da gidajen manyan ma'aikata a Rayfield da Bukur, suka zama tarihi. Abin da aka bar wa jama'a shi ne ɗaruruwan kududdufai da tulin ƙasa a inda gonaki suke a da. Wasu kududdufan ana noman rani da su, ɗaya a Rayfield ɗin ma an mayar da shi wurin shaƙatawa, amma da yawa sun ci rayukan yara da dabbobi. Har gobe samari na shiga ramuka da igiya suna haƙar kuza, ramin na ruftawa da su. Filin golf kuwa yana nan, gidan gwamnatin jihar ma yanzu a yankin yake.

To me za a yi da shi? Na ji masu cewa a ƙwace irin waɗannan filaye a yanka wa talakawa. Ni ban goyi baya ba, kuma ga dalilina. Mun ga yadda yankan fili ke ƙarewa a garuruwanmu. Tun da dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, filin ƙwallon unguwa nawa ne ya koma shaguna? Harabar makarantun gwamnati nawa aka gutsure? Lambun shaƙatawa nawa ya zama gidan mai? Talaka bai samu ko taku ɗaya ba. Filayen golf sun tsira ne don masu ƙarfi na amfani da su. In aka yanka su yau, masu ƙarfin ne dai za su raba a tsakaninsu, gari ya rasa itatuwansa da iskarsa, an gudu ba a tsira ba.

Abin da ya kamata mu nema shi ne a buɗe ƙofa. Kulob ɗin da ke zaune kan ƙasar jama'a, yana karɓar tallafin gwamnati a gasanninsa, jama'a na bin sa bashi. A ware rana a mako ko a wata da ɗaliban makarantun gwamnati za su shigo a koya musu wasan kyauta, tunda golf ya dawo gasar Olamfik tun 2016. A yi wa kadi rajista da mafi ƙarancin kuɗin aiki da asusun lafiya, a ba su lokacin atisaye da gasarsu. A buɗe gefen filin da sassafe ga masu tattaki. A kafa allo a bakin ƙofa da zai faɗi ƙasar su wa ce, da su wa suka haƙi kuzar da ta biya kuɗin ciyawar. Ga Jos musamman wannan na da nauyi. Garin da rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya raba unguwanninsa, har mutum ke tunani kafin ya ƙetara wani titi, yana da ƙishin wurin da ɗan Angwan Rogo da ɗan Gyel za su tsaya a layi ɗaya suna jiran a zo kansu. Jikokin wanda aka tone wa gona da jikokin wanda aka ɗebo da diban gwamna, duka suna da haƙƙi a wannan ciyawa.

Ku kuma da ke Kano, Kaduna, Zariya da sauran garuruwa, aikin gida gare ku. Ku je ku duba filin golf ko na folo ko na sukuwa da ke garinku, ku tambayi dattawa me ke wurin a da, ku duba wace unguwa ce a gabansa, wace ce a bayansa. Sannan ku ƙirga filayen wasan yara da suka rage a unguwarku, ku kai wa kansila da ɗan majalisarku lissafin a rubuce.

Nan za mu dakata a shirin yau. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana, musamman 'yan uwanmu na Jos, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu a ramukan kuza, Ya zaunar da Filato da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.